Wa zai biya albashin malamin gona?

Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kuma a kusan kowace ɗaya akwai wani ɗan ofis mai allon sunan jami'a a ƙofarsa, ko da kuwa ita jami'ar tana can nesa, tafiyar sa'o'i a mota. Ba a ba da digiri a wurin, ba a zana jarrabawa. Manomi ne zai shigo da ganyen waken soya a leda ya ce a duba masa abin da ya sa yake nannaɗewa. Wata za ta kawo ruwan rijiyar gidanta a kwalba domin a auna. Da yamma yara su cika ɗakin taro, wasu da littafin lissafin maraƙin da suke kiwo, wasu da wayoyi da batura suna haɗa ɗan mutum-mutumi. Ma'aikatan ofishin kuwa, wato malaman gona, ma'aikatan jami'a ne, amma a garin suke zaune, 'ya'yansu a makarantar garin suke karatu.

Duk lokacin da aka zo rabon kasafin kuɗi sai an tayar da maganar wannan ofis. Masu son a rage shi ko a rufe suna da hujjojinsu, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Sa'ad da aka kafa tsarin a 1914, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar a gona suke zaune. Yau ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Gonaki sun kai miliyan 6.8 a 1935, ƙidayar 2022 kuma ta sami miliyan 1.9. Babban manomi yana da nasa masanin da yake biya, kamfanin iri yana turo masa wakili har gida, waya kuma tana aljihun kowa. To, a kan me mai biyan haraji zai ci gaba da ɗaukar nauyin malamin gona?

Ni ina ganin ya kamata ya ci gaba da ɗauka, har ma ya ƙara. Sai dai dalilina ya sha bamban da wanda masu kare tsarin suka saba bayarwa, wato cewa ofishin yana raba bayanai masu amfani. Bayani ya yi arha a yau, a ko'ina ana samunsa. Abin da ya yi tsada shi ne mutumin da ya san aikin, yake zaune kusa da kai, kuma babu abin da yake son sayar maka.

Tarihin tsarin ma abin da ya nuna ke nan. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha fili eka 30,000 a kan kowane ɗan majalisarta na tarayya, ta sayar ta kafa kwalejin noma da sana'o'i. A 1887 dokar Hatch ta ƙara wa kwalejojin cibiyoyin gwaje-gwajen noma. Bincike ya yi ta fitowa, ana buga shi a ƙasidu ana aikawa ƙauyuka. Manoma kuwa suka ci gaba da noma yadda suka gada. Ba taurin kai ba ne. Mutumin da abincin iyalinsa na shekara guda ya dogara da gona ɗaya ba zai yi caca da ita ba saboda wata takarda da wani farfesa ya rubuta a gonar gwamnati, inda ko an yi asara albashi yana nan.

Wanda ya fara gane wannan da kyau wani dattijo ne mai suna Seaman Knapp, yana dab da shekara 70 a lokacin. A 1903 ya je garin Terrell a jihar Texas, a daidai shekarun da wani ƙwaro mai dogon baki da ya tsallako daga Meziko yake huda 'ya'yan auduga tun kafin su buɗe, yana talauta manoman jihar. Knapp bai nemi a ba shi gonar gwamnati ba. Ya nemi manomi ɗaya daga cikin mutanen garin, aka sami Walter Porter, ya yarda ya ware eka 70 na gonarsa ya bi shawarar Knapp a kan iri da huɗa da taki. 'Yan kasuwar garin suka tara dala 1,000 suka ajiye, da sharaɗin in Porter ya yi asara a biya shi. Ba a taɓa kuɗin ba. Da kaka ta yi, Porter ya ce ya sami ƙarin kusan dala 700 a kan abin da zai samu da ya bi tsohuwar hanyarsa.

Abu biyu nake so a lura da su a labarin nan. Gonar ta Porter ce, hannun da ya yi aikin nasa ne, maƙwabtan da suke wucewa ta gefen gonar kuma sun san shi, sun san ƙasarsa irin tasu ce. Gani ya kori ji. Na biyun shi ne dala 1,000 ɗin nan: wani ne ya ɗauke wa manomin fargabar asara kafin ya yarda ya gwada. Har gobe ƙaramin manomi ba ya gwada sabon abu sai an rage masa wannan fargabar, kuma yawancin shirye-shiryen da suke faɗuwa a nan suke faɗuwa.

A Alabama ma haka aka yi, ta wata hanyar. George Washington Carver na makarantar Tuskegee ya tsara wata keken doki da aka loda mata garma da iri da kayan gwaji, ta fara zagaya ƙauyukan baƙar fata a 1906, wani matashi Thomas Campbell yana jan ragamar aikin. Makaranta ce aka ɗora a kan ƙafafu aka kai wa waɗanda ba za su iya zuwa ba. Daga irin waɗannan ayyuka ne Majalisar Dokoki ta yi dokar Smith-Lever a 1914, ta mai da abin tsarin ƙasa baki ɗaya: gwamnatin tarayya ta ba da wani kaso, jiha ta sa nata, gunduma ma ta sa, jami'a kuma ta riƙe aikin.

Masu cewa intanet ta gama da malamin gona ya kamata su duba wani bincike da masana zamantakewa biyu na jami'ar jihar Iowa, Bryce Ryan da Neal Gross, suka buga a 1943, a kan yadda masara mai aure ta yaɗu a wasu ƙauyuka biyu. Kusan rabin manoman daga bakin dillalan iri suka fara jin labarinta. Amma da aka tambaye su wa ya sa suka shuka, sai suka ce maƙwabci. Tsakanin ji da shukawa an ɗauki shekaru, kuma kusan kowa a ɗan gefen gona ya fara gwadawa. Wani zai ce ai wannan binciken bai ɗaga darajar malamin gona ba, maƙwabci ya ɗaga. Haka ne. Shi ya sa gwanin malamin gona ba ya ɓata lokacinsa wajen wa'azi. Yakan nemo manomin da ake jin maganarsa a yankin, ya shimfiɗa gwaji a gonarsa, ya kira mutane ranar girbi su ga awo da idonsu. Waya za ta iya yin aikin dillalin iri, ta kawo labari. Ba ta san wane ne ake jin maganarsa a gunduma ba.

Kuma ranar da maganar dillali da gaskiyar gona suka saɓa, wa za a tambaya? An ga haka a 2017. Kamfanin Monsanto ya fito da waken soya da auduga masu jure maganin ciyawa da ake kira dicamba, tare da sabon haɗin maganin da ya ce ba ya tashi ya bi iska kamar tsohon. Damina ba ta yi nisa ba sai ga koke daga jihohi da dama. Manomin da bai shuka irin kamfanin ba, bai fesa komai ba, sai ya wayi gari ya ga sababbin ganyen wakensa sun ƙanƙance, gefunansu sun lanƙwashe sama, sun yi yamutse-yamutse. Wani lokacin gonar da aka yi feshin ma tana can da nisa. Kamfanin ya ɗora laifin a kan masu feshi, wai ba su bi ƙa'idar da aka rubuta ba. Masana ciyawa na jami'o'i, waɗanda kamfanin bai ba su damar gwada tashin maganin ba kafin a kai shi kasuwa, suka shiga gonakin gwajinsu suka nuna cewa ko an bi ƙa'ida maganin yana iya tashi daga gonar bayan an gama feshi, har kwanaki. Kevin Bradley na jami'ar Missouri ya tattara rahotanni daga takwarorinsa na jihohi, ya ƙiyasta cewa kimanin eka miliyan 3.6 na waken soya sun taɓu a shekarar. A 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke rajistar magungunan, ta ce hukumar kare muhalli ta raina girman haɗarin.

Alƙaluman Bradley ba daga ɗakin gwaji kawai suka fito ba. Sun fito ne daga ganyen da manoma suka riƙa kaiwa ofisoshin gunduma, da malaman gona da suka riƙa shiga gona suna dubawa suna rubutawa. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ba a cika faɗa ba: hanyar tana zuwa tana dawowa. Ilimi yana saukowa daga jami'a, matsala kuma tana hawa zuwa jami'a, ta zama tambayar bincike. In aka toshe hanyar dawowar, farfesa zai koma binciken abin da mujallun masana suke so ko abin da mai ba da kuɗi yake so. Ba na cewa jami'o'in tsarkaka ne. Kamfanoni suna ɗaukar nauyin bincike da yawa a cikinsu, kuma wannan abin damuwa ne. Amma a waccan damina albashin da ba kamfani ke biya ba shi ya ba mutanen nan bakin magana.

Ko a ƙananan abubuwa haka ne. Manomi ya zaga gonarsa ya ɗebi ƙasa a wurare goma sha biyar ko ashirin, zurfin kamar taƙi guda, ya cakuɗa a bokitin roba, ya ɗebi kaɗan ya aika ɗakin gwajin jami'a. Sakamako zai iya dawowa ya ce gonar ba ta buƙatar ƙarin wani sinadari bana, tsamin ƙasar kawai za a gyara da farar ƙasa. Da wuya ka ji wannan daga bakin wanda cinikinsa sayar da taki ne, ba don shi maƙaryaci ba ne, sai don ba a ɗauke shi aiki domin ya ce kada a saya ba.

Akwai kuma masu cewa to a bar ɓangaren noma, a yanke sauran: kulob ɗin yara, darasin girki da adana abinci, lissafin kuɗin gida. A ganinsu waɗannan ƙari ne da aka liƙa daga baya. A nan ne na fi saɓa musu, domin tun farko ta ƙofar yara da mata aikin ya shiga gidaje. A 1902 wani shugaban makarantu a gundumar Clark ta jihar Ohio, A. B. Graham, ya tara yara yana koya musu gwada ƙasa da zaɓen iri. Irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu. Uban da ba zai saurari malamin gona ba yakan bar wa ɗansa eka ɗaya ya yi wasansa. A 1910 wani yaro a South Carolina, Jerry Moore, ya girbe masara mudun Amurka 228 a eka ɗaya, wato kusan tan shida, a zamanin da matsakaicin abin da ake samu a ƙasar bai kai mudu 30 ba. Uba ya tsaya a bakin gona ya ga ekar ɗansa ta fi tasa, babu sauran gardama. A wannan shekarar dai, a jihar, wata malamar makaranta Marie Cromer ta kafa ƙungiyar 'yan mata masu noman tumatir, kowace da kashi ɗaya cikin goma na eka, suna nomawa suna dafawa suna rufewa a gwangwani suna sayarwa. Da yawansu wannan ne kuɗin farko da suka riƙe da sunansu.

Daga nan ƙungiyar 4-H ta samo asali, wadda a yau take kai wa ga yara kusan miliyan 6, kuma da yawansu a birane da kewayen birane suke. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne littafin lissafi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta karɓi maraƙi, ta rubuta nawa aka saye shi, nawa ya ci a wata, yaushe aka yi masa allura, nawa nauyinsa ya ƙaru. Ta tashi kafin makaranta ta ba shi abinci, ko ana sanyi ko ana ruwa. Ranar baje kolin gunduma ta ja shi gaban alƙali, ya tambaye ta, ta amsa da bakinta a gaban jama'a. Sannan a yi gwanjonsa, ta cire abin da ta kashe ta ga ko ta ci riba. Yawancin yaran nan ba za su zama manoma ba, kuma ba komai. Ƙauyen da matasansa suke gudu yana buƙatar waɗanda suka iya jagorantar taro, suka iya riƙe asusu, suka san cewa dabba ba ta san ranar hutu ba.

Ɓangaren gida kuwa, ga misali ɗaya da ya ishe ni. Iyalai da yawa a karkarar Amurka har yanzu suna adana wake da nama da kayan lambu a kwalabe domin hunturu. Abincin da ba shi da tsami ba ya tsira da tafasasshen ruwa kawai. Ƙwayar cutar da ke haifar da guba mai shanye jiki tana jure zafin tafasa, sai an kai kusan digiri 116 a ma'aunin Celsius, kuma ba a kai wa nan sai da tukunyar matsin tururi. A kan murfin tukunyar akwai wani ɗan agogo mai nuna ƙarfin matsin. In agogon ya fara ƙarya, mai girki ba za ta sani ba: kwalba za ta rufu da kyau, abincin zai yi kyan gani, guba kuma tana ciki. Ofisoshin gunduma da yawa suna da na'urar gwada agogon. A kawo murfi, a ɗora, a duba, cikin 'yan mintuna a ce mata ta ci gaba ko ta sauya. Babu kamfanin da zai buɗe reshe a ƙauye domin wannan. Kuma matar da aka gwada wa murfi yau, ita ce za ta ce wa mijinta gobe ya je ofishin nan a duba masa lissafin bashinsa.

Hakan ya faru kuwa. A shekarun 1980 kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, farashin amfanin gona ya faɗi, darajar gonaki a Iowa ta zube da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. Bankuna suka riƙa karɓe gonakin da aka gada tun kakanni, wasu manoman suka kashe kansu. Malaman gona da aka horar a kan iri da taki suka tsinci kansu zaune a teburin cin abinci na gidaje suna duba takardun bashi tare da miji da mata. A 1985 sashen faɗakarwa na jami'ar jihar Iowa, wato sashen malaman gona, ya buɗe layin waya domin masu neman shawarar shari'a da ta kuɗi da masu cikin ƙunci, kuma layin yana aiki har yau. A gonar iyali ba a raba matsalar gona da matsalar gida, asusu ɗaya ne, ɗaki ɗaya ne. Shirin AgrAbility da ya fito daga dokar noma ta 1990 yana taimaka wa manomin da ya rasa hannu ko ƙafa ya ci gaba da aiki. Wani shirin da aka fara a Illinois a 2003 yana koya wa matan gona lissafi da inshora da sha'anin gado. Matsakaicin shekarun manomin Amurka ya haura 58. Maganar wa zai gaji gona, da yadda za a raba ba tare da 'yan'uwa sun daina gaisawa ba, ta zama babbar magana kamar ta taki.

Sai dai duk wanda zai kare tsarin nan da gaskiya dole ya faɗi inda ya ci amanar mutane, kuma wuraren ba kaɗan ba ne. Filayen da dokar 1862 ta raba ba tsintuwa ba ne, suna da masu su. Wani binciken 'yan jarida da mujallar High Country News ta buga a 2020 ya bi diddigin kusan eka miliyan 11 da aka karɓe daga ƙabilun asalin ƙasar kusan 250. Su kuwa kwalejojin waɗannan ƙabilu sai a 1994 aka shigar da su tsarin. Dokar 1914 ta bar wa kowace jiha ta zaɓi kwalejin da za ta riƙe kuɗin, jihohin kudu kuma suka ba kwalejojin fararen fata, duk da cewa tun 1890 akwai na baƙar fata. Sai a shekarun 1970 waɗannan suka fara samun kuɗin faɗakarwa kai tsaye daga tarayya. A 1933, da gwamnati ta fara biyan masu gona domin su rage noman auduga, malaman gona ne suka gudanar da shirin a gundumomi, kuɗin ya shiga aljihun masu ƙasa, masu noma gonar wani a raba amfani kuma da yawa aka kore su. A North Carolina sashen faɗakarwa ya kasance gida biyu, na farare da na baƙaƙe, har 1965, bambancin albashi kuma ya ci gaba bayan an haɗe su, sai da magana ta kai Kotun Ƙoli a 1986. A 1920 manoma baƙar fata sun haura 900,000. Yau ba su kai kashi 2 cikin 100 na manoman ƙasar ba. A 2023 ministocin ilimi da na noma suka rubuta wa gwamnoni 16 cewa jihohinsu sun tauye wa jami'o'in noma na baƙar fata sama da dala biliyan 12 cikin shekaru talatin da 'yan kai.

Ko ba maganar launin fata, tsarin yana da halin karkata ga mai ƙarfi. Ƙungiyar manoma mafi girma a ƙasar, Farm Bureau, daga ofisoshin malaman gona ta tsiro, tun daga gundumar Broome ta New York a 1911, har sai da ma'aikatar noma ta ba da umarnin raba su a 1954. A Kalifoniya, masana jami'a a Davis suka ƙera injin girbin tumatir tare da irin tumatir mai taurin da zai jure injin. Ya ceci sana'ar bayan an rufe shirin shigo da leburori daga Meziko a 1964, amma cikin kimanin shekara goma masu noman tumatir ɗin sarrafawa suka ragu daga wajen 4,000 zuwa wajen 600, domin injin sai mai babbar gona. Ba sai an yi mugun nufi ba. Malamin gona mutum ne: ya fi jin daɗin zuwa wurin wanda zai karɓi shawara nan take, mai kuɗin gwadawa, wanda kuma yake zaune a kwamitin da ke amince da kasafin ofishin.

To, wannan tarihin hujja ce ta rufewa? Ni a wurina akasin haka yake nunawa. In aka rufe, babban manomi ba zai ji a jikinsa ba, yana da masaninsa. Wanda zai rasa shi ne mai eka ashirin, da baƙon da ya zo daga wata ƙasa yake noman kayan lambu a gefen birni, da matar da mijinta ya rasu ya bar mata gona da bashi, wato mutanen da tsarin ya daɗe yana bin su bashin kulawa. Ingila da Wales sun gwada ɗaya hanyar: hukumar ba manoma shawara ta gwamnati ta fara cajin kuɗi a 1987, aka sayar da ita a 1997. Shawarar da ake biya tana zuwa wurin mai biya, kuma tana magana a kan abin da mai biya yake so. Wa zai biya domin a gaya masa takinsa yana gangarawa kogi yana ɓata ruwan mutanen da ke ƙasa da shi?

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba rufewa a rana ɗaya ba ne, yadda ake sauya hanyar biyan kuɗin ne. Kason da tarayya take bayarwa kai tsaye a ƙarƙashin dokar 1914 bai wuce dala miliyan 300 da 'yan kai a shekara ba, a ƙasar da take kashe biliyoyi a kan tallafin amfanin gona da inshorarsa. Da kuɗin dindindin ya kasa, sai aka koma ga tallafin gasa: a rubuta takardar neman kuɗi, a ci, a ɗauki ma'aikaci na shekara uku, kuɗi ya ƙare, ya tafi. Minnesota ta tattara yawancin malamanta zuwa cibiyoyin shiyya a 2004, Iowa ta soke muƙaman shugabannin ofisoshin gunduma a 2009 ta koma shiyyoyi 20. A takarda an yi tsimi, kuma an sami ƙwararru masu zurfin ilimi a fanni ɗaya. Amma mutumin da yake kula da gundumomi biyar ba ya zuwa jana'iza a dukkansu, ba ya sanin wane ne ya daina fitowa taro tun da aka karɓe masa tarakta. Sai kuma a 2025 dokar kasafi da aka sa wa hannu a watan Yuli ta kawo ƙarshen kuɗin SNAP-Ed, shirin koyar da cin abinci mai gina jiki ga masu karɓar tallafin abinci, wanda ya haura dala miliyan 500 a shekara kuma a jihohi da yawa jami'o'in nan ne suke gudanar da shi. Ma'aikatan da suka yi shekaru suna shiga makarantu da wuraren rabon abinci suka rasa aikinsu. Za a iya dawo da kuɗi da ƙuri'a ɗaya a majalisa, amma sanayyar da suka tafi da ita sai an sake shekaru.

Masana tattalin arziki a jami'ar jihar Pennsylvania sun ƙiyasta cewa tsakanin 1984 da 2010 aikin faɗakarwa ya hana manoma kimanin 137,000 barin gona. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da yadda aka lissafa, kuma ba na son jingina duk hujjata a kansa. Matsalar aikin nan ita ce mafi yawan amfaninsa abin da bai faru ba ne: gubar da ba a ci ba, takin da ba a saya a banza ba, gonar da ba a sayar ba. Ɗan majalisa ba ya iya yanke ƙyallen buɗe abin da bai faru ba.

Su ma jami'o'in suna da nasu laifin a yau. Ƙarin girma yana bin yawan maƙalu da yawan kuɗin binciken da malami ya jawo. Matashin masanin da ya kwashe damina yana amsa kiran manoma ya san abokinsa da ya zauna a ɗakin gwaji zai riga shi zama farfesa. In shugabannin jami'a suna son majalisa ta ɗauki aikin da muhimmanci, su fara ɗaukarsa da muhimmanci a kwamitin ƙarin girma.

Abin da zan nema a wurin masu rabon kuɗi bai da yawa. A mayar da nauyi kan kuɗin dindindin da ke biyan albashin mutumin da zai zauna a gunduma shekara goma ko ashirin, tallafin gasa ya zama ƙari a kai. Jihohin da suka tauye jami'o'in noma na baƙar fata su biya kasonsu cikakke kamar yadda suke biya wa sauran. Sannan a sauya abin da ake tambayar kowane ofis a ƙarshen shekara. Yanzu an fi tambayar mutum nawa suka halarci taro, kuma wannan lamba ce da ake cikawa da fuskokin da aka saba gani. A riƙa tambaya: cikin waɗanda kuka yi wa aiki bana, nawa ne ba su taɓa shigowa ofishin ba a da, kuma gonar eka nawa suke nomawa?